Abin da Mercedes 600 ta koya mini a Suame

Ina cikin shekara ta huɗu da fara koyon gyaran mota a Magazin ta Suame, unguwar makanikai da ke nan Kumasi, aka kawo mana wata baƙar Mercedes-Benz 600 a bayan babbar mota. Mai ita wani Alhaji ne daga Aboabo, wanda ya gaje ta daga mahaifinsa, attajirin goro, kuma ta daɗe a kulle babu wanda ya tayar da ita. Da aka sauke ta sai na ga ta durƙusa kamar raƙumi, domin jikinta a kan jakunkunan iska yake zaune, iskar kuwa ta riga ta tsiyaye.

Mu mutanen Suame abin alfaharinmu shi ne dabara. Idan wani ƙarfe ya ɓace a kasuwa mukan ƙera shi, idan inji ya mutu mukan ɗauko na wata mota mu dasa, kuma da wannan hikima ce motocin haya da yawa suke yawo a titunan Gana. Saboda haka ban yi wata-wata ba na ba Masta, maigidanmu a gareji, shawarar mu cire injin mu sa na dizal, gilasan kuma mu haɗa musu lantarki. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, kada ka kwance ko noti ɗaya a motar nan sai ka san dalilin da ya sa aka ɗaura shi a wurin."

A bakinsa na fara jin tarihinta. An nuna ta ga duniya a baje kolin motoci na Frankfurt a 1963, aka ci gaba da ƙera ta a Sindelfingen ta Jamus har 1981, mafi yawan aikin da hannu, kuma a tsawon shekarun nan guda 2,677 kaɗai aka yi. Daga ciki 2,190 gajeru ne irin ta Alhaji, mai tsawon mita biyar da rabi, sauran kuwa dogayen da ake kira Pullman, har da guda 59 waɗanda rufinsu na baya yake naɗewa domin shugaba ya tsaya ya gaida jama'a. Fafaroma Paul na shida ya samu irin wannan a 1965, kuma Idi Amin da Mobutu duk sun hau 600. Injinta mai silinda takwas ne, lita 6.3, wanda yake iya kai nauyin da ya kusa tan biyu da rabi gudun kilomita 200 a awa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda gilasai da kujeru da murfin but suke motsi da ƙarfin mai. Famfo guda ne yake tura man ta siraran bututu da matsin da ya kai 150 a ma'aunin bar, kusan ninki sittin na iskar da ke cikin tayar mota, shi ya sa gilashi yake tashi babu ƙara, da sauri ko a hankali gwargwadon yadda aka danna. A nan ne na yi kuskuren da har yau nake tunawa. Wata Juma'a na ga tankin man ya yi ƙasa, na ɗauko man birki na ƙara, ina ganin taimako na yi. Wannan tsari man ma'adini na musamman yake sha, man birki kuwa kumbura robobinsa yake yi har su lalace, su kuma robobin sai an aiko daga Turai. Allah ya taimake ni ba a tayar da injin ba tukuna, famfon bai kai man ko'ina ba. Masta bai ɗaga murya ba. Ya sa ni na kwance tankin na wanke shi sau uku, sannan ya ajiye mini littafin motar ya ce in karanta shafin man kafin in sake riƙe sifana.

Daga baya na fahimci cewa darajar irin wannan mota wajen masu tara tsofaffin motoci tana rataye ne a kan kasancewarta yadda ta fito daga kamfani. Wani mai saye ya zo daga Ankara, babban birnin Gana, bai ko kalli fenti ba, bonet ya buɗe ya share ƙura da ɗan yatsa yana gwada lambar inji da ta shasi da abin da ke cikin takardu, domin kamfanin yana da katin bayanan kowace mota da ya ƙera. Ya shafa fatar kujerun da ta tsattsage da katakon gaban direba, ya roƙe mu kada mu canza su. Mai lafiya a cikin gajerun takan haura dala dubu ɗari a gwanjon Turai da Amurka, amma wadda aka dasa wa baƙon inji farashinta faɗuwa yake yi warwas, kuma kuɗin mayar da ita daidai yakan wuce abin da za a sayar da ita. Da an bi shawarata ta farko, da na cinye wa Alhaji gadonsa da hannuna. Yana yi mini ciwo idan na tuna tsofaffin motoci masu daraja da na ga an yanka wa masu sayen ƙarafa a kan kilo, don kawai babu wanda ya tsaya ya tambayi asalinsu.

Wata bakwai muka yi a kanta. Duk abin da muka cire, ko da ruɓaɓɓiyar roba ce, mukan sa a leda mu rubuta inda ya fito, mu ajiye wa mai motar. Ranar da injin ya tashi, jakunkunan suka cika, ta miƙe a hankali daga durƙuson da ta yi, Alhaji ya shiga baya ya zauna inda mahaifinsa yake zama, ya danna gilashi ya rufe shiru. Ya daɗe a ciki kafin ya fito ya ce wa Masta a gaya wa mutumin Ankara ya yi haƙuri, ya fasa sayarwa.