Inda na kai a zanen tazargaden hamada

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon zanen tsirrai. Na ɗan ajiye ganyayen bishiyoyi, na koma kan wani ƙaramin tsiro na hamada mai suna Artemisia herba-alba, wanda Larabawa ke kira shih. Ɗan uwan tazargaden kasuwanninmu ne. Abin da ke hannuna busassun rassa ne da wani ɗan uwa mai fatauci ya kawo mini daga Aljeriya, kuma na yi sa'a akwai furanni a jiki. Tsiron yana fitowa tun daga Sifen, ya ratso Maroko da Aljeriya da Tunisiya da Libiya, har Gabas ta Tsakiya, a filayen da tumaki ke kiwo. Wani masanin tsirrai ɗan Sifen mai suna Asso ne ya rubuta bayaninsa a 1779.

Siffar jikin ba ta ba ni wahala ba. Gajere ne, tsayinsa tsakanin santimita 20 da 40, gindinsa itace, rassa da yawa sun tashi daga ƙasa a cunkushe. Na gama wannan shafin, ba sai na daɗe a kai ba.

Ganyen ne ya fara tsayar da ni. Ƙanana ne ƙwarai, an tsattsaga su sirara-sirara, kuma farin gashi mai laushi ya rufe su har koren ya koma ruwan toka. Gashin nan yana da aiki: yana mayar da hasken rana, yana kuma rage ruwan da iska ke zuƙewa daga ganye. Ƙamshin mai ƙarfi da ɗacin daga wasu 'yan ƙulle-ƙullen mai suke fitowa, suna ɓoye a cikin gashin. Da fensir, abin da ya yi mini aiki shi ne barin takarda fara a inda gashin yake, in yi inuwa a ƙarƙashin ganye kaɗai. Wanda ya ce zai zana gashi ɗaya-ɗaya zai ƙare da baƙin ganye. Ku lura kuma, ganyen lokacin sanyi da ruwa ya fi girma, idan rani ya shiga sai tsiron ya zubar da shi ya fitar da ƙanana. Don haka duk wanda ya zana ganye, ya rubuta a gefe daga wane ɓangaren reshe ya ɗauko shi.

Amma inda nake son ku tsaya sosai shi ne furen. A wannan dangi na Asteraceae, dangin shuwaka da latas da ƙashin yawo, abin da ido ke gani kamar fure ɗaya taron furanni ne a kan gindi guda, ɓawo-ɓawo ya kewaye su. A wannan tsiron kan furen kusan milimita 3 ne, ba shi da ƙara, manne yake da reshe. Busasshe ba ya buɗuwa, marmashewa yake yi. Sai na jiƙa shi a ruwan ɗumi da ɗigon sabulu har ya yi laushi, na ɗora a farar takarda, na riƙe da allura ɗaya, na ɓare da ɗaya, ina dubawa da gilashin da ke ƙara girma sau 10. Ɓawon yana hawa kan juna kamar ɓawon kifi, na waje gajeru masu gashi, na ciki dogaye masu gefe garai-garai. A ciki furanni 2 zuwa 5 ne, kowanne ɗan bututu, kowanne kuma yana da ɓangaren namiji da na mace. Babu faffaɗan furannin gefe masu jan ƙudan zuma, domin iska ce ke ɗaukar masa garin fure. Irinsa ma ba shi da tuntun gashin da ke kan irin shuwaka.

Wannan ƙirgen furannin shi ne shaidar da na fi amincewa da ita wajen gane tsiron. Ƙamshi yana ruɗi, domin 'yan uwansa da yawa haka suke ƙamshi. Artemisia judaica ta duwatsun Hoggar da Sina'i kan furenta zagayayye ne, furanni da yawa a ciki, na gefe mata zalla. Artemisia annua kuwa, wadda ake samun sinadarin maganin zazzaɓin cizon sauro daga gare ta, koriya ce shar, kuma shekara ɗaya take yi ta mutu. Yana damuna in ga an haɗa su duka a ƙulli ɗaya ana ba yara, alhali man wasunsu yana da sinadarin da ke cutarwa idan ya yi yawa.

Yanzu ina kan shafin furen da aka tsaga tsaye, da layin awon milimita a gefe. Duk mai tazargade a gida ya duba ko akwai 'yan ƙulle-ƙullen fure a ciki, ya jiƙa, ya ƙirga furannin kai guda, ya zana abin da ya gani, mu kwatanta da nawa.