Jirgin Ruwan da Ba a Faɗa Mini Labarinsa Ba: Zamana a Pond Inlet

Duk wanda ya karɓi aiki a yankin Nunavut na ƙasar Kanada, tambayoyinsa na farko ba sa wuce sanyi da duhu. Ni ma su na yi ta yi kafin in tashi zuwa Pond Inlet, wani ƙaramin gari da ke arewacin tsibirin Baffin, wanda jama'arsa ba su kai 2,000 ba, kuma galibinsu 'yan ƙabilar Inuit ne. Sanyin yana nan yadda ake faɗa, domin a Janairu da Fabrairu ma'auni yakan sauka zuwa 30 ƙasa da sifili, rana kuma takan ɓace daga tsakiyar Nuwamba sai wajen farkon Fabrairu. Waɗannan an gargaɗe ni a kansu, na yi tanadin tufafi, na kuma jure. Abin da ya cinye mini kuɗi shi ne maganar jirgin ruwan dakon kaya, wadda a cikin waɗanda suka ɗauke ni aiki babu ko mutum ɗaya da ya ɗaga mini ita.

A Nunavut, wanda aka kafa a 1999, a yau babu hanyar mota da ta haɗa wani gari na yankin da wani, balle da kudancin Kanada. Komai sai dai ta sama, in ban da ɗan gajeren lokacin da ƙanƙarar teku ke narkewa, jiragen ruwa su taso daga tashoshin lardin Kebek ɗauke da kayan shekara guda. Mai hali yakan yi odar shinkafa da fulawa da man girki da sabulun wanki da kayan gwangwani tun watanni kafin jirgin ya tashi, a rufe masa su a akwatunan katako. Ni kuwa na iso a ƙarshen Agusta, bayan an daɗe da rufe karɓar oda.

Ina tsaye a bakin teku ranar da jirgin ya tsaya nesa da gaɓa, ana ta sauke kaya a kan kwale-kwalen dako ana turo su tudu, motar ɗaga kaya tana jera akwatuna, kowanne da sunan mai shi a jiki. Wata abokiyar aikina ta tambaye ni inda nawa yake. Da na ce ban san da zancen ba, sai ta yi shiru tana dubana, daga nan ne na fahimci girman lamarin. A gidan da aka ba ni ma akwai wani ɗaki mai kantoci tun daga ƙasa har rufi, wanda aka yi shi domin ajiye kayan jirgi. Haka ya zauna wayam har shekara ta zagayo.

Ba wai kantunan garin ba su da kaya ba ne. Suna da shi, sai dai farashin abubuwa da yawa ya ninka na kudu sau biyu, wasu ma fiye. Gwamnatin tarayya tana da shirin tallafi mai suna Nutrition North tun 2011, wanda ke rage tsadar abinci mai gina jiki irin su madara da ƙwai da kayan marmari, amma bai hana kaya masu nauyi yin tsada ba, kuma su ne ainihin abin da ake yin odar jirgi dominsu. Alawus ɗin zaman arewa da na sa rai zan adana, a wurin biyan kuɗin kanti ya ƙare kaɗan-kaɗan. Har yanzu abin yana sosa mini rai, domin layi ɗaya a takardar ɗaukar aiki ya isa ya raba ni da wannan asara.

Mutanen gari ne suka rufa mini asiri. Idan mafarauta suka dawo da kifi ko nama, ana rabawa, kuma ba a tambayar baƙo ko ya cancanta. Wani dattijo maƙwabcina ya taɓa shigowa, ba tare da ƙwanƙwasa ƙofa ba kamar yadda al'adarsu take, ya ajiye mini daskararren kifi mai tsawon hannuna a kan tebur, ya nuna mini yadda ake yanka shi siriri tun yana da ƙanƙara. Waɗannan mutane su ne suka fi kowa ɗanɗana tsadar da nake kuka da ita, tunda da yawansu ba su da kuɗin da za su biya na kayan shekara a dunƙule. Ganin haka ya sa na rage ƙorafi a gabansu.

Sauran darussan ba su yi mini wuya ba. Ruwa a motar tanki ake kawo shi, saboda ƙasar a daskare take ba ta yarda da binne bututu, don haka idan guguwar dusar ƙanƙara ta taso sai a dakatar da wanki har motoci su koma aiki. Jirgin sama ma yakan fasa sauka saboda hazo, kantocin kayan marmari su yi fayau.

Wanda zai zo, kafin ya sa hannu a takarda ya tambayi ranar rufe odar jirgin ruwa, ya kuma tambayi nauyin kayan da mai ɗaukarsa aiki zai biya masa dakonsu ta sama. Idan lokacin ya riga ya wuce, to ya cika wannan nauyi da busasshen abinci da kayan wanki, ba da littattafai da kayan ado ba. A shekara ta biyu na tura odata tun watan Mayu ta hannun masu saye da ɗaure kaya a kudu, na sa an duba ranar lalacewar kowane gwangwani, na kuma bar duk abin da ba ya jure ajiya ga jirgin sama. Yanzu duk sabon ma'aikacin da na ji za a turo mana, nakan nemi lambarsa tun yana kudu in sanar da shi da kaina.