Gwajin manhajar da ke gane sunan da na'ura ta raɗa

Ni ke kula da sabar imel ta wani ƙaramin kamfani, kuma saƙonnin banza sun kai mu maƙura. Galibinsu daga kwamfutocin gida suke fitowa, waɗanda 'yan kutse suka mallake, masu su ba su ma san ana aike da su ba. Irin waɗannan suna da tambari. Idan sabar ta tambayi DNS, kundin sunayen intanet, sunan da ke bayan adireshin IP na mai aikowa, wato rikodin PTR, sai ka ga abu kamar dsl-203-0-113-45.pool.example.net: lambobin adireshin a jere, da kalma irin dsl, dyn, pool ko dhcp. Ba mutum ya zauna ya zaɓi wannan suna ba, kamfanin intanet ne ya buga wa dubban layuka lokaci guda.

Manhajar da na gwada jerin ƙa'idojin regex ne, masu gane siffar rubutu, da ake ɗora wa Postfix, manhajar da ke tafiyar da sabar imel. Kafin in bar ta ta taɓa wasiƙar kowa, na kwaso sunayen da ke tsofaffin bayanan sabar, na bi su da postmap -q, umarnin da ke nuna ko suna ya dace da wata ƙa'ida. Sannan na kunna ta da warn_if_reject a gaba, ta riƙa rubuta wanda da ta kora, amma ta bar shi ya wuce.

Na banza kam ta cafke su, har duba su ya gundure ni. Inda na daɗe shi ne kan mutanen kirkin da tarkon ya rutsa da su. Akwai wata makaranta da muke hulɗa da ita, sabarta ta gaske ce, amma mai ba ta intanet bai taɓa gyara mata PTR ba. Akwai masu hayar sabar Amazon EC2 da suka bar sunan asali, mai farawa da ec2 sai lambobi. Wani ma sunansa lafiya lau, laifinsa kawai yawan lambobi, ƙa'idar da ke ƙirga su ta ɗauke shi.

Don haka na ƙi ba ta ikon amsa wa mai aikowa da lambar 550, wato korar dindindin. Wanda sunansa ya yi kama da na na'ura sai a ce masa 450, ya dawo anjima. Sabar gaske tana dawowa, yawancin 'yan banza kuwa ba su da wannan haƙuri. Sauran na bar wa makin da ake ba kowane saƙo: ƙa'idar RDNS_DYNAMIC ta SpamAssassin, manhajar tace saƙonnin banza, haɗe da PBL, jerin adireshin da bai kamata su aika imel kai tsaye ba, wanda ƙungiyar Spamhaus ta fara a 2007.

Makarantar kuwa waya na buga wa mai kula da kwamfutocinsu. Da ya ji cewa tun Fabrairun 2024 Gmail ma ta wajabta PTR mai inganci, ba mu yi doguwar magana ba, ya ce gobe zai nemi kamfanin intanet ɗinsu.