Ɗan'uwanka a ciwo ba likitanka ba ne

Ƙannena masu fama da baifola, ciwon nan na ƙwaƙwalwa da ke sa mutum wani lokaci zumuɗi ya wuce kima, wani lokaci kuma ya faɗa baƙin ciki mai tsanani, ku matso in ba ku labarin wautar da na yi har sau biyu, ko Allah Zai sa wani ya tsallake.

Da aka ɗora ni kan maganin lithiyam na saba da wasu mutum uku da muke haɗuwa a kan benci ranar ganin likita, tun 7 na safe kowa da katinsa a hannu. Wallahi mutanen nan sun yi min rana. Ranar da ɗaya ya ce "kai ma hannunka na rawa in ka ɗau kofin shayi?" ji na yi kamar an sauke min buhu daga ka, don a gida in na faɗa sai dai a ce iska ce, ka dage da addu'a. Babbanmu, Yaya muke ce masa, shi ya koya min rubuta tambayoyina a takarda kafin in shiga, saboda da ka zauna gaban likita komai sai ya gudu daga kanka.

To ga inda na kwafsa. Na gaji da ƙishirwa da yawan fitsari ga ƙiba, sai wani cikinmu ya ce shi fa wata 3 kenan da ya ajiye nasa kuma garau yake. Ban tambayi kowa ba na ajiye nawa. Da farko daɗi kamar me, barcin awa 3 ya ishe ni, surutu ba birki, na sayar da babur ɗina wai zan buɗe kamfanin kai kaya Legas, ni da ko rasit ban iya ajiyewa ba, ƙarshe dai sai a gadon asibiti na dawo hayyacina Umma na zaune gefe ta yi tagumi. Likita ta ce min yanke lithiyam farat ɗaya na dawo da ciwon da ƙarfi, in ma za a daina a hankali ake ragewa kuma da saninsu. Shi kuwa mutumin nawa ashe ba ma lithiyam yake sha ba!

Na biyun ma ya fi ban haushi. Ana tsakar zafi ga azumi, baya ya riƙe min, wani ya miƙo min diklofenak ya ce shi ke masa aiki. 'Yan kwanaki sai amai da gudawa, ina tafiya ina tangaɗi kamar na sha wani abu. Ashe ƙoda ce ke fitar da lithiyam, su diklofenak da ibufrofen kuma suna sa ya taru a jini, rashin ruwa a jiki ma haka, kuma tsakanin adadin da ke magani da wanda ke cutarwa tazarar kaɗan ce. Shi ya sa ake gwajin jini, wajen awa 12 bayan shan na ƙarshe, ana duba ƙoda da tayirod, wato ƙullin nan na maƙogwaro da in ya kumbura ake ce masa maƙoƙo. Ni da nake ganin gwajin nan ɓarnar kuɗi ne. Ko kemis ka shiga ka faɗa musu abin da kake sha, batun azumi kuma a yi shi da likita tun Sha'aban.

Ƙannena mata, in wani maganin ciwon nan mai suna sodiyam balfuro'et aka ba ki kuma ana maganar aure ko kina son ɗaukar ciki, ki faɗa wa likita tun wuri don yana iya illata jariri a ciki, amma dan Allah kar ki ajiye shi da kanki.

Har yanzu ina zama a bencin nan, muna hira, muna tuna wa juna ranar dawowa, wanda ya ɓace a kira shi a ji lafiya. Watan jiya wani yaro sabon zuwa ya ce "Yaya guda nawa kake sha, ni nawa barci yake sa ni, ko in rage?" Ban faɗa masa ba. Biro na ara masa na ce rubuta yadda ka faɗa min ɗin nan, in an kira ka shi za ka fara karantowa.