Kafin katafila ta shiga fili

Ƙaramin kamfani gare ni, aikinmu gyaran ƙasar da mai ya gurɓata bayan bututu ya fashe. Duk wanda ya kira mu tambayarsa ɗaya ce: wace hanya ce ta fi araha? Ni kuwa ba na yanke magana sai na san irin man da ya malala, da irin ƙasar, da zurfin da ya kai.

Shi ya sa kuɗin farko da nake roƙo a kashe na gwaji ne. Mu haƙa ramuka, mu ɗebo ƙasa daga zurfi daban-daban, mu kai ɗakin gwaje-gwaje. Masu ba da kwangila da yawa gani suke ɓata lokaci ne, tunda ga baƙin mai nan kwance kowa na gani. Amma wanda ke kwance a sama ba shi ne abin tsoro ba. Fetur da dizal kan nutse cikin yashi da sauri har su tarar da ruwan ƙarƙashin ƙasa, shi kuwa ɗanyen mai mai kauri yakan maƙale kusa da sama, musamman a yumɓu.

In man bai yi nisa ba, kuma akwai fili da lokaci, ban san hanyar da ta kai noma ƙasar sauƙin kuɗi ba. Mukan kwaso ta mu baza a kan shimfiɗar roba mai kauri, tudunta kada ya wuce inda garma za ta kai. Sai mu zuba takin zamani, mu riƙa yayyafa ruwa muna juyawa da tarakta. Ƙwayoyin bakteriya da ke cikin ƙasar su ke cinye man, namu kawai mu ba su iska da danshi da abinci. Watanni ake yi, kuma robar nan ba a tsallake ta, don in babu ita ruwan sama zai wanke man ya kai shi ƙasa. In fili ya yi kaɗan, sai mu tara ƙasar tsibi-tsibi mu ratsa ta da bututun hura iska.

Wannan hanya tana da iyaka, kuma raina na ɓaci in na ga an yi amfani da ita inda ba ta dace ba. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2011 kan yankin Ogoni da ke jihar Ribas ya nuna wuraren da mai ya kai zurfin mita 5, alhali sama kawai ake juyawa. A wata rijiyar an sami sinadarin benzin, mai jawo ciwon daji, ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900. A lokacin mutane ne ke shan ruwan nan da 'ya'yansu.

Tonowa a kwashe da tifa tana da sauri, sai dai kuɗin jigila da na wurin zubarwa su ke cinye kwangilar. Gasa ƙasa a injin zafi na fitar da mai tas, amma ga tsadar makamashi, kuma ƙasar takan fito ba rai, sai an daɗe ana kiwonta kafin ta karɓi shuka. Nakan ajiye waɗannan biyun don wurin da ya fi jiƙewa da mai, sauran filin bakteriya su ji da shi.

Akwai kuma masu cewa a bar ƙasa ta gyara kanta. A Bemidji ta jihar Minnesota a Amurka bututu ya fashe a 1979, masana suka shafe shekaru gommai suna bin wurin. Sun ga bakteriya sun hana gurɓatar yaɗuwa da nisa, amma man bai ƙare ba. Don haka ba na sa hannu a wannan tsari sai babu rijiyar sha a kusa, kuma an ware kuɗin rijiyoyin sa ido da na gwajin ruwa a kai a kai, an rubuta a takardar kwangila.