Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Akwalar Da Ta Cinye Kuɗin Fili

Makon jiya na tsaya a inda dattijuwar nan Baturiya ta miƙo mini makullin garejin marigayi mijinta, ta ce in shiga in gane wa idona.

Da na yaye tamfol ɗin sai da na yi atishawa sau uku. Tayoyi sun sace sun manne da siminti, ɓeraye sun mai da kujera gidan haihuwa. A hancin motar an rubuta Jowett. Shekarata shida a birnin Bradford na Ingila a lokacin, kullum hannuna cikin baƙin mai, amma ban taɓa jin sunan ba. Ashe a garin aka ƙera ta, a unguwar Idle, a daidai filin da yanzu babban kantin Morrisons yake, inda nake zuwa sayen madarar yara. Jupiter ce ta 1952, mai ƙofa biyu da rufin tamfol. Tsakanin 1950 da 1954, shekarar da kamfanin ya daina ƙera mota, kimanin 900 kacal aka yi. Kuma ba kanwar lasa ba ce a zamaninta: shekara uku a jere, daga 1950 zuwa 1952, irinta ce ta zo ta ɗaya a ajinta a tseren awa 24 na Le Mans a Faransa.

Dattijuwar ta sallama mini da araha, bisa sharaɗi guda: kada motar ta bar garin sai ta ji kukan injinta. Na biya da kuɗin da muke tarawa na fili a Kano. Uwargida ta leƙa, ta dubi motar, ta dube ni. "Maigida, wannan akwalar ce filin namu?" Kwana huɗu sai dai in tarar da abinci a rufe.

Ranar farko motar ta kunyata ni. Duk sifanun da na mallaka babu wadda ta zauna a kan noti, ko ta yi sako-sako ko ta ƙi shiga. Awon Whitworth ne, na Ingilar da. Sai a kasuwar gwanjo ta ranar Lahadi na tsinci saiti a cikin wani tsohon gwangwanin biskit. Bonet ɗin ma abin kallo ne, gaban motar gaba ɗaya yake ɗagawa har da fitilu. Injin silinda huɗu ne a kwance, biyu nan biyu can kamar na bosuwaja, sai dai wannan da ruwa yake sanyaya, lagireto kuma a bayan injin aka sa shi.

Injin ya kame ƙam. Yaran garejinmu, waɗanda ba sa taɓa mota sai sun jona mata kwamfuta, suka ce in nemi wani. A ina? Na tuna maigidana na Ƙofar Ruwa, Allah ya jiƙansa, wanda bai yarda a yar da ƙarfe ba sai ya yi rantsuwa ya mutu. Na kwance fulogai, na ɗura gas gauraye da man giya a kowane rami, kullum bayan la'asar in zo in ɗan jijjiga shi da hannu. Rana ta goma sha shida ya motsa kamar faɗin farce. Na yi hamdala ni kaɗai.

Bodin ne ya fi ba ni wuya, don alminiyam ne. Ka cika bugunsa ya taurare ya tsage, ka cika masa wuta ya zube ba sallama, tunda ba ya ja kamar baƙin ƙarfe balle ya gargaɗe ka. Wani tsohon fanalbita a ƙungiyar masu Jowett ya koya mini dabara: ka goga sabulun wanka a wurin, ka bi shi da wuta, da zarar sabulun ya yi baƙi ka janye, ya yi laushi ke nan. Garejina ya yi wata biyu yana ƙamshin banɗaki.

Bayan wata goma sha tara na ɗauko dattijuwar da sandarta. Injin ya yi tari sau biyu ya kama. Na zaci za ta yi kuka. Sai ta karkata kunne ta ce, "Ɗana, kafiretan hagu bai daidaita da ɗan'uwansa ba." Na duba. Gaskiyarta.

Mai saye na farko ya zo da maganaɗisu, ya manna a ƙofa ya faɗo, ya manna a bonet ya faɗo, ya ce duk jikin ciko ne. Ban ma tsaya yi masa bayanin alminiyam ba, na raka shi bakin titi. Na biyu dattijo ne mai rawar hannu. Bai kalli fenti ba. Ya nemi kwali, ya kwanta ƙarƙashin motar, yana ƙwanƙwasa bututan shasin ɗaya bayan ɗaya da gindin sukuddireba. Da ya fito na faɗi kuɗi, na ɗora wani abu a kai yadda muka saba, ina jiran ya taya in ce albarka. Kawai sai ya miƙo hannu. Daren nan ban runtsa ba, ina lissafin abin da na bari a ƙasa. Uwargida kuwa har ta kira yayanta a Kano ya fara cigiyar fili.

Kwana uku da tafiyar motar, ina alwalar asuba, wayata ta yi ƙara. Lambar dattijon ce, amma muryar ba tasa ba.

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.