Garin gudun talla na rasa WhatsApp ɗina ana saura kwana tara Sallah

Har yau idan na tuna daren nan sai in ji gabana ya faɗi. Ana saura kwana tara ƙaramar Sallar 2025, shagona na ɗinki a Jekadafari, cikin garin Gombe, ya cika da shadda da yadi har babu wurin aje ƙafa, yara uku na kan keke, ni ina yanka. Bayan an sha ruwa na ɗauki waya in duba awon wani Alhaji da ya turo daga Kumo, sai WhatsApp ya nuna min wai an yi rajistar lambata a wata wayar. Na ɗauka rikicin sabis ne irin wanda muka saba. Na kife wayar a kan tebur na ci gaba da yanka har ƙarfe biyun dare. Da na san abin da ake yi da sunana a cikin waɗannan awowin, da almakashin ma jefar da shi zan yi.

Abin ya samo asali ne tun watan Fabrairu. Hukumar NCC mai kula da harkar sadarwa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kashi 50 cikin ɗari a kan farashinsu a watan Janairu, kafin mu farga kuɗin data ya tashi. Ni kuwa YouTube makaranta ce a wurina, a can nake ganin sabon yankan kaftani da zanen aikin wuya, a can nake sauraron tafsiri ina aiki, da daddare kuma maiɗakina da yara su karɓi wayar su kalli fina-finan Hausa masu dogon zango. Muna da Netflix na waya da na fara biya tun yana naira 1,200, ya koma 1,600, ya koma 2,200 duk a cikin 2024. Da data ta tashi sai na yanke shi, kuma ban koma ba, daga baya ma a 2025 ya kai 2,500. Aka bar mu da YouTube da tallarsa.

Ba tsawon tallar ne ya fi damuna ba, irinta ce. Kana tsakiyar tafsiri a watan azumi, malam na cikin bayanin aya, sai a yanke a sako maka tallar caca ko ta masu ba da bashi da ruwa. Ran nan na leƙo na tarar ƙaramin ɗana, mai shekara bakwai, ya zuba wa wata talla ido da ni kaina sai da na kau da kai. Daga ranar na ƙudura sai na raba wayata da talla.

A nan na yi wautar. Na yi ƙorafin a wurin masu cajin waya na bakin layinmu, sai wani yaro ya ce, "Oga, ai an wuce wurin, akwai wanda ba talla kuma ba biya, kawo in sa maka." Ba daga Play Store ya ɗauko manhajar ba, daga wayarsa ya turo min, shi ma a wani guruf ya samu. Wayata ta yi gargaɗi cewa manhajar na iya cutarwa, ya danna a ci gaba. Manhajar ta nemi izinin karanta saƙonnin tes, ya ba ta. Ta nemi a kunna mata wani abu a wurin da aka rubuta Accessibility, ya kunna. Ina tsaye a kansa ina kallo, ban ce uffan ba, har naira 500 na ba shi na gode. Ban tambayi kaina me abin kallon bidiyo zai yi da saƙonnina ba. Kuma wayar da nake karɓar alat da ita ce, wadda awon mutane sama da ɗari ke ciki. Manhajar ta yi aiki kuwa, mako biyu babu talla ko ɗaya, har na yi wa maƙwabcina mai guga tallarta. Wannan ma yana ci min rai.

Da asuba bayan sahur wata Hajiya da nake yi wa 'ya'yanta ɗinki shekara shida ta kira ni ta layi. "Malam, ka ga alat ɗin? Na tura ta sabon asusun da ka ce." Na ce wane sabon asusu? Ashe tun dare ɓarayin suka bi gurufan da nake ciki, suka tsinci lambobin kwastomomi, suna rubuta musu cewa bankina ya samu matsala, a tura cikon kuɗin ɗinki ta wani asusun don a samu kaya kafin Sallah. Da hotona, da sunan shagona. Lokacin da kowa ke rawar jiki kada tela ya yi masa alƙawarin ƙarya, wa zai tsaya bincike? Hajiya ta tura 38,000. Alhajin Kumo ya tura 25,000. Sauran Allah ya tsare su, wasu sun kira ba su same ni ba saboda wayar na kife a tebur, sai suka dakata.

Ɗan yayata da ke karatun kwamfuta a Jami'ar Jihar Gombe shi na taso da sassafe. Yana karɓar wayar ya buɗe saƙonni, ga saƙon lambobi shida na WhatsApp nan ya shigo tun magariba, an buɗe shi, ni kuwa ban taɓa ganinsa ba. Ya ce, "Kawu, wa ya sa maka wannan abin?" Ya nuna min izinin da aka ba manhajar ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ke iya karanta tes ɗinka ya riƙe makullin WhatsApp ɗinka, tunda ta nan lambar take zuwa. Ni kuma ban taɓa saka lambar sirrin nan ta mataki na biyu ba, wadda mutum ke zaɓa da kansa WhatsApp ya riƙa nema bayan ta tes, ɓarayin ne suka saka tasu. Muka goge wayar tas, muka sake neman lamba, ana shigar da ita aka fitar da su, amma ni ma ban samu shiga ba, don dokar WhatsApp ita ce in ba ka san waccan lambar sirrin ba sai ka jira kwana 7. Kwana bakwai a makon Sallah, tela ba WhatsApp. Awon da ban kwafe a littafi ba sai da na bi mutane da kira ɗaya ɗaya, ina ba da haƙuri, ina maimaita labarin da nake jin kunyar faɗa. Banki ma na je da gudu na canza komai, na shigar da ƙorafi a kan asusun da aka tura kuɗin. Ko sisi bai dawo ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne wanda ɗan yayar tawa ya nuna min bayan ƙura ta lafa. Ashe abin da nake nema yana cikin Play Store, kyauta, ta halastacciyar hanya. Ya sauke min Firefox, wata burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ya shiga wurin ƙare-ƙarenta, wato ƙananan abubuwan da ake ɗora mata, ya ɗora matoshin talla mai suna uBlock Origin, minti biyar bai cika ba. Ya ce in buɗe YouTube ta cikin burauzar maimakon manhajarsa. Ya kuma sa wa maiɗakina Brave, wadda ita da matoshin tallarta take zuwa, ba sai an ɗora mata komai ba. Babu wadda ta nemi karanta tes ɗina a cikinsu. Shafukan labarai da a da sai ka ture talla huɗu kafin ka ga rubutu, yanzu suna buɗewa fes, data ma ta ɗan ƙara auki. Ni duk zamana da waya ban san burauza zaɓa ake yi ba, Chrome na tarar a ciki, shi nake dannawa, kuma Chrome na waya ba ya karɓar irin waɗannan ƙare-ƙaren. Na kwamfuta ma, in ji shi, Google ya sauya tsarin zuwa wanda ake kira Manifest V3, tun 2024 aka fara kashe cikakken uBlock Origin a kansa, sai ƙaraminsa mai suna Lite ya rage, shi ya sa shi da abokansa da yawa suka koma Firefox.

Ba zan ce hanyar ba ta da ƙaiƙayi ba. Tun 2023 YouTube ke yaƙi da masu toshe talla, wata rana bidiyo ya tsaya cak ko ya yi ta juyawa, sai an sabunta matoshin. Kallo ta burauza kuma bai kai manhaja daɗin hannu ba. Amma wannan ƙaramin abu ne a wurin wanda ya ga abin da na gani.

Akwai kuma maganar da wani kwastomana ya faɗa min da ta tsaya min a rai. Yana cikin matasan da ke shirya gajerun fina-finan barkwanci a nan Gombe suna ɗorawa. Ina ba shi labari ina yabon matoshin talla, sai ya yi shiru, can ya ce, "Baba, ai tallar nan ita ce abincinmu." YouTube na ba mai tasha kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallar dogon bidiyo, kuma kafin a fara ba ka ta wannan hanyar sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo. Na tuna telan da na koyi yankan wuya uku a tasharsa ban taɓa ba shi ko kwabo ba. Ni da nake jin zafi in an karɓi ɗinki ba a biya ba. Shi ya sa bayan Sallah na zauna na yi lissafi, na fara biyan YouTube Premium, duk da a watan Afrilu ya tashi daga 1,100 zuwa 1,700. Ba talla, kuma cikin kuɗin ana raba wa masu tashoshin da ka kalla. Firefox da matoshinta na bar su don sauran shafuka. Ban san ko zan iya ci gaba ba idan aka sake ƙarawa, tunda komai sai hawa yake, amma 63,000 ɗin da aka kwashe da sunana ta isa ta biya min wata 37.

In wani ya ce zai sa maka manhajar da ake biya a kyauta, ka karɓi wayarka. In ba daga Play Store ta fito ba, kuma ta nemi tes ɗinka, ka tsaya nan. Lambar sirrin mataki na biyu ta WhatsApp kuwa ka saka ta yau, kowane yaron shagona sai da na tsaya a kansa ya saka. Awo kuma na koma rubutawa a littafi kamar yadda maigidana ya koya min.

Yaron da ya sa min manhajar na same shi, ya rantse bai sani ba, kuma na yarda da shi, don wayarsa ma tana ɗauke da ita. Hajiya da Alhaji duka na ba su kayansu ban karɓi ciko ba, asarar tawa ce tunda ta ƙofata aka shiga. Hajiya har gobe tana kawo ɗinki, sai dai ba ta tura ko naira ɗaya sai ta kira ta ji muryata. Alhajin Kumo ya karɓi kayansa ya yi godiya, da Babbar Sallah ta zo kuma bai turo awo ba.